Anti Ba Izini da Fayil ɗin da Ba Ta Buɗe Ba

Bakwai saura kwata take shigowa asibiti, ta ƙaramar ƙofar da ke gefen ɗakin wanki. Jaka a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannun dama, rigar sanyi a ninke a hannun hagu ko da garin ya ɗauki zafi. Takan gaisa da masu shara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mai ciwon gwiwa ya jiki, sannan ta bi dogon barandan da ya wuce ɗakin hoto har ƙarshensa, inda wata ƙofar ƙarfe take, ba rubutu a kanta. Majinyaci zai yi wata guda a kwance a asibitin nan bai san akwai ɗaki a wurin ba.

Ɗakin ba taga. Sanyinsa har cikin ƙashi, dalilin rigar ke nan. Kabad biyu na ƙarfe ne a tsaye, cike da na'urori masu gurnani a hankali, ƙananan fitilu suna ta ƙyaftawa. Wayoyi shuɗɗa sun sauko daga rufi, an ɗaure su dami-dami, kowace da 'yar takarda mai rubutun hannunta: ɗakin haihuwa, ɗakin magani, sashen yara. Ba ta zama sai ta ɗora bayan hannunta a jikin kowane kabad, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta ta ji ko da zazzaɓi. Sannan ta tsiyaya shayi, ta jawo takardun da ofishin ma'aikata ya aiko: wanda aka ɗauka, wanda aka sauya wa sashe, wanda ya bar aiki. Daga nan sai ta buɗe rajistar da na'ura ke rubutawa da kanta, ta bi sawun jiya layi-layi. Wa ya shiga, ta wace kwamfuta, ƙarfe nawa, me ya buɗe.

Shekara goma sha tara ke nan tana wannan. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ya kamata a faɗi wace ce ita tun tana ji da kunnenta.

A gida Auta ce, 'ya'yan yayyenta kuma su ce Goggo. A asibiti, ma'aikatan jinya ne suka laƙaba mata Anti Ba Izini, saboda kalmomi biyun da kwamfuta ke nuna wa duk wanda ya nemi leƙa inda ba huruminsa ba. Da farko a bayan idonta ake faɗa. Ranar da sunan ya kai kunnenta ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ya fi wanda ke kan takardar ɗaukarta aiki dacewa da ita.

Aikin nata ba shi da wuyar faɗa, riƙonsa ne da wuya. A cikin ɗaya daga na'urorin nan akwai kundin ma'aikata. Duk wanda ke aiki a asibitin, daga babban likita har mai tura keken marasa lafiya, yana da gurbinsa a ciki: sunansa, sashensa, da ƙofofin da aka yarje masa. Idan nas ta zauna gaban kwamfuta a ɗakin haihuwa ta buga sunanta da kalmar sirrinta, saƙon kan biyo waya ya zo ɗakin nan, kundin ya duba, ya ce a buɗe ko kada a buɗe. Kwamfuta ɗari biyu da wani abu, duk nan suke zuwa neman izini. Na'ura ta biyu kwafin ta farko ce, tana nan tana jira, don ranar da ɗaya ta gaza kada aiki ya tsaya.

Idan an ɗauki sababbin ma'aikata takan tara su a ɗakin taro ta ce, "Na'urar nan tambaya biyu kawai ta iya. Ta farko, wane ne kai? Kalmar sirrinka ce ke amsa wannan, shi ya sa ba a ba da aronta, ko ga wanda kuke ci a kwano ɗaya. Ta biyu, me ya kawo ka? Aikinka ne ke amsa wannan. Mai ba da magani zai ga maganin da aka rubuta, amma ba zai ga abin da majinyaciya ta gaya wa likita tana kuka ba. Ba don ba a yarda da shi ba. Don ba ya buƙata ne."

Ba makarantar kwamfuta ta fito ba. A ɗakin kati ta fara, tana da shekara ashirin da huɗu, zamanin da fayil na takarda ne, ana rungumo su daga sashe zuwa sashe a zube a kan benci, duk mai wucewa ya ɗaga. A can ta ga abin da bai taɓa barin ranta ba. Wata matar aure ta zo gwaji da safe. Kafin ta sauka daga motar haya a unguwarsu, labarin sakamakonta ya riga ta isa, domin wani ma'aikaci maƙwabcinsu ne kuma ya ga fayil ɗin a buɗe a kan tebur. Matar ba ta dawo karɓar magani ba. Katinta ya shekara a cikin akwati yana jiran ta, kuma Auta ce ke kaɗe masa ƙura.

Da aka kawo kwamfutoci, 'yan kwangilar da suka haɗa su sai suka yi wa kowane sashe suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, aka rubuta da manyan baƙaƙe aka manna a bango. Ta tsaya ta kalli takardar a bangon ɗakin mata, ta ce a ranta, wannan ai bencin nan ne aka mayar cikin waya. Ta dinga bin 'yan kwangilar da tambaya har suka gaji suka bar mata littattafansu masu kauri. Ta shiga kwas na ƙarshen mako, shekara biyu tana zama aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta. Da kwangila ta ƙare suka tattara suka tafi, hukumar asibiti ta waiwaya ta ga ba wanda ya san kan abin sai matar ɗakin kati.

Wata bakwai ta yi tana zagaya sassa da littafi a hannu, tana yi wa kowa tambaya ɗaya: "Me kike buƙatar gani don ki yi aikinki?" Da amsoshin nan ta tsara ma'aikata rukuni-rukuni, ta ba kowa sunansa shi kaɗai. Ta raba hanyar sadarwar baƙi da masu jinya daga ta ma'aikata, don mai kallon bidiyo a ɗakin jira kada ya sami hanyar da za ta kai shi ga fayil. Sannan ta sa aka rubuta doka a kan ita kanta. Ita ke ba da izini, amma ba ta da izinin karanta fayil ɗin majinyaci ko ɗaya. In ta ƙara wa kanta ƙofa, sawun zai fito a rahoton da ke zuwa teburin metiron, shugabar ma'aikatan jinya, kowace Litinin.

Ba a so ta ba da farko. Takan bi tebur-tebur tana ɗaga kibod ɗin kwamfuta tana ɓamɓare 'yan takardun kalmar sirri da aka manna a ƙarƙashinsa. Wani likitan ƙashi ya taɓa yi mata alfahari cewa shi ba zai taɓa manta kalmar sirrinsa ba, don lambar motarsa ce. Ta leƙa ta taga ta ce, "Likita, ai ga kalmar sirrin taka can a fake a ƙarƙashin bishiya, kowa na kallon ta." Babban likita na lokacin kuwa cewa ya yi a buɗe masa ko'ina, tunda shi ne shugaba.

"Ranka ya daɗe, ai shi ya sa," in ji ta. "Duk ɓarawon da ke neman makulli, naka zai fara nema. In naka na buɗe ko'ina, ranar da ya faɗi, asibitin ne ya faɗi gaba ɗaya."

Ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarta da kyau. Daga baya ya sa hannu a kan tsarin nata.

Ke ce, Anti, kika koya mana cewa hana mutum abin da ba nasa ba ba wulaƙanci ba ne. Ke ce kike cewa a'a da murmushi, ki kuma tsaya ki nuna wa mutum hanyar da ta halatta. Amma duk wannan da sauƙi, tunda baƙi ne da abokan aiki. Jarrabawar gaske daga cikin gida ta fito miki.

Shekara shida ke nan da abin ya faru. Babban wanta, wanda take kira Yaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ke goya ta a bayan kekensa ya kai ta makaranta. Babbar 'yarsa malamar makaranta ce, 'yar ɗakin Goggo tun tana rarrafe. Wani malamin lissafi da suke koyarwa tare ya fito neman aurenta, mutum mai natsuwa, kowa na yaba shi. Ana cikin shirye-shirye sai wani ya raɗa wa Yaya cewa an ga malamin nan a asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yana zaune a layin ganin likita.

Ranar wata Asabar da yamma Yaya ya zo gidanta. Ta shimfiɗa masa darduma a inuwa, ta kawo shayi. Suka taɓa hirar 'yan uwa, sannan ya gyara zama.

"Auta, wata 'yar alfarma na zo nema. Malamin nan, an ce yana zuwa wajenku. Ki ɗan duba min abin da ke damunsa."

Ta ajiye kofinta. "Yaya, ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba? An ce duk asibitin a tafin hannunki yake."

"Ƙofar ce a hannuna. Abin da ke ciki ba nawa ba ne. Gara in gaya maka gaskiya. Ba zan yi ba."

"'Yarki ce fa. A hannunki ta girma. In abin nan mai shafar ta ne, me za ki ce wa Allah?"

Maganar ta soke ta, domin ita ma tambayar da ke cin ta ke nan. Ta ce, "Ka kira shi ka tambaye shi. Ko su je tare a yi musu gwaji, kowa ya ga na kowa da yardarsa. Ni zan raka su da ƙafata."

"In kira ɗan mutane in ce masa ina zargin yana da cuta? So kike a ce na ci mutuncinsa?"

"To leƙa fayil ɗinsa a ɓoye fa, Yaya, me sunansa?"

Ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya bar shayin ko rabi bai sha ba.

Ranar Litinin ta zauna a ɗakinta mai sanyi, hannuwa a cikin hannun riga. Ta san abin ba zai kai minti ɗaya ba. Ta sa sunanta a rukunin likitoci, ta buɗe, ta karanta, ta cire. Sawun zai fito a rahoto, amma metiron ta yarda da ita, in ta ce gwajin na'ura take yi ba wanda zai ɗaga kai. Ta tuna yarinyar tana 'yar shekara huɗu, tana barci a cinyarta da yatsa a baki. Ba ta buɗe ba. Sai ta ɗauki waya ta kira ta, ta ce, "'Yata, ki ce wa malamin ku je gwaji tare kafin biki. Ba abin kunya ba ne." Yarinyar ta yi dariya ta ce Goggo da tsoro, amma za ta yi masa magana. Ta ajiye wayar ta ci gaba da aikin ranar.

Da safiyar Alhamis, tana bin rajista, ta ga layin da na'ura ta ja wa jan alama. Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya buɗe sakamakon majinyacin da ba shi da wani gwaji a hannunsu a makon. Ƙarfe biyu da minti goma na ranar Laraba, minti huɗu ya yi a ciki. Sunan majinyacin na malamin lissafi ne. Ma'aikacin kuwa Dogo ne, wanda suka shekara goma suna cin abincin rana a benci ɗaya, matarsa aminiyarta, gidansa layi ɗaya da na Yaya.

Shayin ranar ya huce ba ta sha ba. Ta sa rigarta daidai, ta tafi ɗakin gwaje-gwaje, ta yafito shi zuwa barandan baya inda ake shanya fararen riguna.

"Dogo, jiya ƙarfe biyu da minti goma."

Ya sunkuyar da kai. "Yayanki ne ya zo har gida, Anti. Dattijo ne. Ya ce ke kin ƙi. Na ji nauyinsa."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ai abin ma ba..."

Ta ɗaga hannu. "Kada ka gaya min."

Ya haɗiye maganar. Can ya ce a hankali, "Ki share layin nan. Ke kaɗai kika gani. 'Ya'yana biyar, kin sani."

"Na sani. Ni na fara ɗaukar na ƙarshen ranar da aka haife shi. Ba zan share ba. In na share naka yau, rajistar nan ta zama takardar banza. Gobe a yi wa wani sharri, ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Amma ba zan kai ka a bayan idonka ba. Zo mu je tare, ka faɗa da bakinka."

Metiron ta ba da labarin yadda suka shigo ofishinta, shi a gaba kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ita a baya. Ta ce kafin Dogo ya buɗe baki, Anti ce ta fara magana. Ta ce wanda ya sa aka duba fayil ɗin wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya fara zuwa wajenta, don haka a sa wani daban ya binciki nata sawun, kada a ɗauki maganarta kawai. Aka bincika, ba a sami komai ba. A gaban kwamitin ladabtarwa kuma ita ce ta fi kowa roƙon kada a kori Dogo. Ta ce shekara goma tana karanta sawunsa kowace safiya, wannan ne karo na farko da ya taka inda bai kamata ba. Aka dakatar da shi wata uku, aka mayar da shi teburin karɓar samfuri, inda ba ya ganin sakamakon kowa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi ciwo. Dokar asibiti ta ce duk majinyacin da aka leƙa fayil ɗinsa ba bisa ƙa'ida ba, sai an gaya masa. Ita ta rubuta wannan layin da hannunta shekaru da suka wuce. Aka kira malamin lissafi aka zaunar da shi aka faɗa masa. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya sa a duba?" Da ya ji amsa, ya miƙe, ya yi godiya ya fita.

A makon ya je ya sami yarinyar, ya gaya mata da bakinsa abin da ke kai shi asibiti. Ya ce dama yana neman ranar da zai faɗa mata ne. Amma ba zai iya shiga gidan da aka bincike shi a ɓoye ba. Ya janye.

Yarinyar ta zo gidan Goggo, ko zama ba ta yi ba. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Da kin yi shiru, Goggo, da bai sani ba. Da yanzu muna nan." Auta ta san gaskiya yarinyar ta faɗa. Yaya kuwa ya gaya wa dangi cewa Auta ta tona masa asiri a gaban bare, ta zaɓi na'ura a kan jininta. Shekara huɗu bai taka gidanta ba. Ita ba ta daina zuwa gaishe shi ba duk farkon wata. Yakan amsa a taƙaice ya ƙara wa rediyonsa murya, ita kuma ta zauna minti goma ta yi sallama. Da yarinyar ta tashi auren wani bayan shekara biyu, saura kwana uku aka aiko wa Goggo da saƙo. Ta je, ta ɗaura zani ta zauna a bayan gida tana wanke-wanke har taro ya watse.

Mai son jin abin da ke cikin fayil ɗin sai ya yi haƙuri. Yaya ya sani, Dogo ya sani, yarinyar ta sani. Matar da makullan asibitin duka ke hannunta, har yau ba ta sani ba.

Ba ta taɓa ba da labarin nan kamar wadda ta ci nasara ba. Wata rana ta ce wa metiron, "Ban san ko na kyauta wa yarinyar nan ba. Na kwana na tashi da abin ba adadi. Abin da na sani kawai, duk wanda ya tuɓe rigarsa a gaban likitanmu ya yi ne don ya yarda maganar a nan za ta tsaya. In na karya wannan saboda 'yata, na karya wa 'yar kowa." Malamin lissafi bai daina zuwa ganin likitansa ba. Sau ɗaya suka yi kiciɓis a baranda. Ya tsaya, ya ɗan rusuna ya gaishe ta, ta amsa, kowa ya wuce.

Bara waccan Yaya ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, aka kawo shi asibitin nan, aka kwantar da shi a ɗakin maza. Ta riƙa zuwa lokacin hutun rana tana zama a gefen gadonsa. A rana ta uku tana ɓare masa lemo, sai ya dubi gadajen da ke kusa, ya rage murya.

"Auta, abin da likitan nan ya rubuta a kaina, wa da wa ke gani?"

Ta ajiye wuƙar ta ƙirga masa da yatsu. "Likitanka. Ma'aikatan jinyar ɗakin nan, su ma waɗanda ke bakin aiki. Ɗakin gwaji za su ga gwajin da aka aika musu."

"Ɗan abokin kasuwancina yana aiki a ɗakin magani."

"Maganinka kawai zai gani, in takardar ta biyo ta hannunsa. In ya nemi ya wuce nan, ƙofar ba za ta buɗe ba, kuma zan gani da safe."

"Ke fa?"

"Ni ba na gani, Yaya. Abin da ka gaya min da bakinka kawai zan sani."

Ya mayar da idonsa kan fankar da ke juyawa a sama. Ita ta ci gaba da ɓare lemonta. Can ya miƙo hannu, ta sa masa ɓari ɗaya, ya tauna a hankali. Sannan ya ce, "Matso da kujerar nan, in gaya miki abin da suka ce."

Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Da aka sallame shi, gidanta ya ce a fara biyawa da shi.

Makon jiya aka zauna shirya taron sallamarta, aka tambayi wa zai yi magana a madadin ma'aikata. Dogo ne ya fara ɗaga hannu. An mayar da shi teburin sakamako tuntuni, kuma yanzu shi ke jan kunnen sababbin ma'aikatan sashensa. Wani ya yi masa tsiya ya ce, kai da ta kai gaban kwamiti? Ya ce, "Ni ɗin. Wata uku ina zaune a gida ina jin haushinta, ita kuma duk Juma'a sai ta zo ta duba yarana. Ranar da ta kai ni, a gefena ta tsaya, ba a gabana ba. Ku bar ni in faɗi wannan a gaban mutane."

Ke ce, Anti, mai tsaron ƙofar da ba a gani. Dubban mutane sun kwanta a gadajen nan sun tashi sun koma gida da mutuncinsu, ba su san fuskarki ba, ba za su taɓa sani ba. Aikinki irin wanda in an yi shi da kyau ba a jin labarinsa ne. Kin riƙe amanar waɗanda ba su roƙe ki ba, kin biya da abin da ya fi miki tsada, fuskar ɗan uwa da zuciyar 'yar da kika goya. Ba ki yi taƙama da ikon da ke hannunki ba. Ke da kanki kika ɗaure hannun naki tun kafin wani ya ce ki ɗaure. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na mutane, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Mu kuma da muka rage, a asibiti muke ko a makaranta, a kotu ko a kowane ofis da sirrin mutane ke bi ta hannunmu, kowa akwai 'yar ƙofar da aka damƙa masa. Na'ura ba za ta tsare ta ba in mai riƙe da ita ya ga dama ya buɗe. Wata rana wani zai zo maka, ba ɓarawo ba, ba mugu ba, wanda kake jin nauyinsa ne, kuma da dalilinsa mai kyau. Zai zauna ya sha ruwan gidanka, ya ce ɗan duba min kawai. A ranar ka tuna akwai matar da aka yi wa wannan roƙon, ta ji zafinsa kamar yadda za ka ji. Ka ce masa a'a da ladabi, ka nuna masa hanyar da ta dace, ka kuma raka shi har bakin ƙofa.